Malam Bukari Ɗan Ghana, Wanda Ya Ƙi Buɗe Mana Ƙofa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, ashirin da biyu ga watan Yuli, gab da azahar, ana tsuga ruwa tun asuba, Allah Ya karɓi ran Malam Abukari Wumbei a garin Ruwan Godiya, cikin ƙaramar hukumar Faskari. Malamin kimiyya ne a makarantar sakandaren da muke koyarwa, mutumin ƙasar Ghana, daga wani gari kusa da Tamale. Mu Malam Bukari muke ce masa, yara kuwa Masta. Ya rasu a cikin murar nan mai zazzaɓi da ta sauko mana tare da damina, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Ya bar mahaifiya da mata da 'ya'ya uku, duka suna can gida, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya ga gawarsa.

Ni ne Mas'udu, malamin Hausa, teburina yana jikin nasa a ofishin malamai. Abokan aiki suka ce ni ya kamata in rubuta, don na fi kowa zama da shi. Na gwada rubuta “marigayi” sai hannuna ya ƙi tafiya. Saboda haka bari in yi da kai, Malam Bukari, kamar yadda muka saba.

Shekara tara ke nan da ka sauka garin nan a bayan a-kori-kura, da akwatin ƙarfe da bokiti da katifa a naɗe. Kafin nan ka yi shekara biyu kana koyarwa a Sabuwa. Ka zo mana da Hausarku ta Ghana wadda ba ruwanta da mace ko namiji. A daren farko ka leƙo ka ce, “Hajiya ya kawo abinci,” mutanen ƙofar gida suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ba ka ji haushi ba, ka juyo ka ce in ni malamin Hausa ne na gaske, to, ga aiki. Na kuwa yi aikin, don kafin shekara ta zagayo kana “lahiya lau” kana “mi ya hwaru” kamar a bayan kasuwar Yankara aka yanke maka cibiya. In ka je gida hutu ka dawo, sai ka ce matarka Sanatu tana tambayar wanda ya lalata maka baki.

Baba Gide ne ya ba ka masauki. Dattijo ne manomi, 'ya'yansa maza biyu duka suna neman abinci a Legas, shi da matarsa Inna Lauratu kaɗai suka rage a gidan. Ya ba ka ɗakin da ke jikin zaure, mai taga ɗaya tana kallon hanya, bango ɗaya ne tsakaninka da turakarsa. Tun makon farko ya kama hannunka ya zaunar da kai a ciyayya, inda magidantan unguwa ke fito da kwanukansu bayan magariba a ci tare. Kwano ɗaya muke wanke hannu a ciki, moɗa ɗaya muke shan ruwa da ita. Ka ce tuwonmu ya cika tauri, na garinku ya fi laushi, amma ban taɓa ganin ka tsame hannu kafin kwano ya ƙare ba.

A nan muka san kana da asma, ciwon da muke kira fuka. Ka sayo barkono da busasshen kifi a kasuwar Yankara za ka soya wani baƙin yajinku, hayaƙin ya shiga ƙirjinka, ka fito zaure kana dafa bango, idanunka sun firfito, kana laluben ɗan maganin shaƙar nan da ba ya barin aljihunka. Mun tsorata ƙwarai ranar. Daga nan Inna Lauratu ta hana ka kusantar murhu. Ita take soya maka yajin, kai kana can nesa a bakin zaure kana ba da umarni, tana ce maka ta fara girki tun ba a haife ka ba.

Yara ba za su manta da ranar da ka je wurin mahauta ka karɓo huhun akuya ba. Ka shigo da shi aji a faranti, ka zura bututun biro a maƙogwaron, ka sa wata yarinya 'yar Daudawa ta hura. Huhun ya kumbura a gaban idonsu, aji ya kaure da ihu, har shugaban makaranta ya fito da gudu yana zaton maciji ne. Ka ce musu ga abin da ke cikin ƙirjin kowa, ku dubi yadda ba shi da ƙwari. Fitilar hasken rana kuwa da rediyon da ka gyara wa mutanen unguwa, ban san iyakarsu ba, kuma in an ce nawa ne sai ka ce a sa maka albarka. Abu ɗaya ne ya gagare ka. Ka rantse sai ka koya mana noman doya, ka tayar da manyan kunyoyi a bayan makaranta, awakin Ruwan Godiya suka nuna maka ba da su aka yi shawarar ba.

Murar ta fara ne kamar kowace mura ta farkon damina, ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. Sai aka ga tana zuwa da zazzaɓi mai kayar da ƙato, da ciwon gaɓoɓi, sannan tari ya sauka ƙirji ya zauna. Gida ɗaya sai ka tarar da mutum biyar a kwance, ba mai ba wani ruwa. Matasa suna tashi bayan 'yan kwanaki, amma tsofaffi da jarirai da masu tsohon ciwo ta fara ɗaukarsu. Muka ji haka take a Kankara, haka take a Sabuwa. Aka rufe makarantu tun kafin lokacin hutu. Jami'in lafiyar da muke da shi, Malam Bilya, shi kaɗai ne a kan babur tsakanin garinmu da ƙauyukan kewaye, idonsa ya yi ja don rashin barci.

Na ce maka ka tattara ka tafi gida, tunda hutun ma ya kusa. Ka ce tafiyar kwanaki ce a motar haya, kowa na tari a fuskar kowa, in ba ta kashe ka a hanya ba za ka kai wa tsohuwarka ita har ɗaki. Ka ce kuma 'yan ajin ƙarshe suna da jarrabawa a gaba. Ka fi mu sanin abin da ciwon nan zai yi wa ƙirji irin naka, kuma ba ka ɓoye ba. Ka ce mini, “Malam Mas'udu, ku in ta kama ku za ku kwanta ku tashi. Ni in ta kama ni, sai dai wani ikon Allah.”

Sai ka tsara wa kanka zama. Ka je ka durƙusa wa Baba Gide daga nesa ka roƙe shi ya yafe maka fitowa ciyayya, ya ce ba komai, Allah Ya tsare. Inna Lauratu ta koma ajiye maka kwano a kan dakalin taga. Ka ɗauko tsohon allo daga makaranta ka jingina shi a jikin bango ta waje. Da sassafe, kafin hanya ta cika, sai ka fito ka rubuta darasin ranar ka koma ciki. Yara in sun taso daga gona sai su zauna a gindin darbejiyar da ke ƙetaren hanya su kwafa, mai tambaya ya ɗaga murya, ka amsa masa ta taga. Ka rataye jarka da igiya da sanda a ƙofar masallaci, a taka da ƙafa ruwa ya zubo a wanke hannu. Manya suka yi ta wuce ta, ƙanana suka mai da ita abin wasa, kai kuma kullum ka aika a cika ta. Da yamma sai ka rufe hanci da baki da takunkumi, ka bi ta bayan gari ka hau tudun makaranta inda waya take kamawa, ka kira Sanatu. Ka dawo ka dafa citta da lemun tsami, ka kunna rediyo. Wata rana na tsaya a tagar na tambaye ka ya zaman, ka ce tuwo ba ya daɗi in mutum shi kaɗai yake ci.

Da a nan abin ya tsaya, da yau ba wannan nake rubutawa ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta rasu, ka ce wannan kam ba ka iya zama a ɗaki. Ka fito ka tsaya can bayan sahu da takunkuminka, aka yi salla, aka kai ta. Da aka juyo ana gaisawa, ɗanta ya miƙo maka hannu. Ka dafa ƙirji ka rusuna, ka yi masa gaisuwa mai kyau da baki, amma ba ka karɓi hannun ba. Ya tsaya da hannu a miƙe a gaban mutane, sannan ya sauke shi.

Kafin magariba magana ta zagaye gari. Wai ɗan Ghana ƙyamar mutane yake yi. Wai shekara tara yana cusa hannu a kwanonmu, yau mu ne masu cuta. Wani ya faɗa a daidai tagarka, da gangan, cewa mun ɗauka ya zama ɗan gida, ashe zaman aiki yake yi. Ba zan kama sunan kowa ba, sun san kansu, kuma na ga wasunsu suna kuka a maƙabarta, kuka na gaske. Amma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Na bi majalisa majalisa ina bayani, ina tuna musu fukar da suka gani da idonsu, sai a ce mini ai kwana ba ya ƙarewa sai ranarsa. Wannan gaskiya ce, kuma ban iya musa ta ba, ban kuma iya sa su ga cewa ba ita ce maganar ba.

Washegari na same ka ba ka rubuta komai a allo ba. Ka ce, “Malam Mas'udu, hannu ɗaya na ƙi karɓa, shi ke nan na koma baƙo?” Na ce ka rabu da su, baki ne kawai. Na san maganar ta shige ka, don kai mutum ne da ya bar uwa da mata da 'ya'ya a wata ƙasa, abin da kake da shi a nan shi ne wannan zama da ka gina da mu a hankali, kwano bayan kwano.

A makon nan ni ma murar ta kayar da ni, ban san inda kaina yake ba. Abin da ya biyo baya daga bakin Inna Lauratu na ji shi. Ita ta fara kwantawa, sai Baba Gide ya bi, kuma shi tasa ta zo da ƙarfi. 'Yan dubiya ba su yi ƙasa a gwiwa ba, ɗakin ba ya rabuwa da mutane. A shigo a zauna, a yi sannu, a ajiye lemu ko fura, a yi addu'a a tashi. A nan garin dubiya ta kowa ce, amma jinya ta ɗan gida ce. Ba wanda zai ɗaga dattijo ya sauya masa wando ko ya fitar masa da fo alhali ba shi ya haife shi ba, kunya ba za ta bar mai yi ba, ba za ta bar wanda ake yi wa ba. Kowa ya fita yana zaton akwai mai yi. 'Ya'yansa suna Legas, ɗaya a kwance shi ma, ɗaya yana neman izinin wurin aiki. Kai kuma kana jin tarin ta bango.

Da asuba ka ji ƙarar faɗuwa, da buta ta gangara. Ka ɗaura takunkumi ka shiga, ka same shi a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, ya tashi zai yi alwala ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Inna ta ce tana jin ku daga ɗakinta. Ya ce, “Bukari, tahi abinka. Ƙirjinka ba shi ɗaukar wanga abu.” Ka ce, “Baba, in na tahi wa za shi tada ka?” Ka ɗauke shi ka mayar gado.

Daga ranar ba ka sake komawa zaman taga ba. Kai ne tayar da shi zaune in tari ya sarƙe shi, kai ne ba shi kunu da cokali, kai ne yi masa alwala, kai ne wankin zannuwa da fitar da fo tun kafin mutane su fara shigowa, don kada a ga dattijo a wulaƙance. Ka dafa wa Inna ruwan zafi ka ajiye mata a bakin ƙofa. Ka roƙi 'yan dubiya su riƙa tsayawa a zaure, suka ce to, suka ci gaba da shigowa. Na sha tambayar kaina ko maganar mutane ce ta tura ka ɗakin nan, ko kuwa da ma za ka shiga ko ba a ce komai ba. Na fi yarda da na biyun, don na san ka. Amma ba ni da tabbas, kuma babu wanda zan tambaya yanzu.

Baba Gide ya samu sauƙi, ya fara zama da kansa, har ya nemi tuwo. Bakin gari ya juya, aka koma cewa kai ɗan halak ne, ko ɗan cikinsa sai haka. Ranar da na fara fitowa ina bin bango, na zo in ba ka labarin yadda ake yabonka, sai na tarar da ƙofarka a rufe da sakata ta ciki. Na ji tarin tun daga zaure.

Malam Bilya kaɗai ka yarda ya shiga, shi ma sai ya rufe fuska ya sa safar hannu. Yana fita kake mai da sakata. Mutanen gari kuwa, da waɗanda suka yi maganar da waɗanda ba su yi ba, suka yo ɗango zuwa dubiya, kowa da abin da ya riƙo. Suka tarar ba hanya. Sai dubiyar ta koma bakin taga, a tsaya a kan hanya a ce, “Masta, ya jiki?” ka amsa daga ciki, a ajiye kwano a dakali har ya rasa wurin ajiyewa. Na ce ka bar ni in shiga tunda ni na riga na yi na tashi. Ka tuna mini matata tana jego, ka ce ba ka san abin da zan kwasa a riga in kai wa jaririyar ba.

Baba Gide ya sa aka riƙo shi, mutum biyu, aka kawo shi bakin tagar. Ya kama ƙarfen da hannu biyu ya ce, “Bukari, buɗe mani. Ni na gama tawa. Kai ka ɗauke ni, ka bar ni in zauna kusa da kai.” Muna jin kana tattaro numfashi. Sannan ka ce, “Baba, in na buɗe maka, wa zan hana?” Kowa ya san haka ne. A garin nan ƙofar mara lafiya in ta buɗe wa mutum ɗaya ta buɗe wa kowa, kuma a bayan Baba akwai tsofaffi, akwai mata da goyo, akwai ɗalibanka. Baba ya sa aka shimfiɗa masa buzu a gindin bangon ta waje, nan ya koma wuni.

Na yi fushi da kai, Malam Bukari, kuma fushin bai gama sauka ba. Ka shiga ɗakin wani ka yi masa abin da ɗa ke yi wa uba, mu ka hana mu ko miƙa maka ruwa a baki. Na san dalilinka, na san kuma daidai ne, shi ya sa ban san inda zan kai fushin ba.

Ranar Litinin bayan la'asar Malam Bilya ya fito ya ja ni gefe. Ya ce maganin shaƙar ya daina yi maka aiki, allurar da yake da ita ta ƙare ƙarfinta, sai an sa maka iskar oksijin, kuma mafi kusa sai Kankara. Kowa ya san a 'yan shekarun nan ba a bin hanyar in rana ta yi sanyi, kuma kowa ya san dalili. Na kawo maganar babur, a sa ka a tsakiya in riƙe ka ta baya kamar yadda muke kai marasa lafiya. Ya ce da irin wannan numfashi ba za ka kai rabin hanya ba, sai mota. Mai motar da muke da shi a gari yana kwance ba ya ko gane mutane. Muka hau tudu muka kira wani tsohon ɗalibinka da ke tuƙi a Kankara, ya ce da an sallame asuba zai taso.

Ya kuwa taso, Allah Ya saka masa. Amma ruwa ya riga shi. Tun kiran farko aka fara, kamar da bakin ƙwarya, rafin da ke kan hanya ya cika ya shafe gada. Yaron ya tsaya a wancan ƙetaren da motarsa yana kallon ruwa. Malam Bilya ya ce bari ya je ya gani ko akwai inda za a iya ƙetarawa da kai a kan gado, matasa sun ce za su ɗauka. Kafin ya tafi ya roƙe ka kada ka sa sakata. Yana fita muka ji ka jawo jiki ka sa ta, don ka ji yawan muryoyin da ke zaure.

Haka muka tsaya a bakin tagar nan, wasu da lema, wasu da buhu a ka, wasu haka nan ruwa na dukansu. Hanya ta cika har gindin darbejiya. Ba abin da muke yi sai sauraro. Numfashinka yana fita kamar ana jan zarto a ɗanyen itace, in ya tsaya sai kowa ya ɗauke nasa, in ya dawo a sauke ajiyar zuciya. Ana aika yara tudu su kira Malam Bilya, su dawo su ce ruwa bai sauka ba. Na manna fuskata a ƙarfen tagar ina kiran sunanka, ɗakin da duhu, ba na ganin komai. Ka ce, “Malam Mas'udu, ja baya kaɗan.” Can kuma ka ce, “Ruwan nan zai yi wa masarar Baba kyau.” Ban sake jin wata maganar duniya daga bakinka ba.

Liman ya matso. Ya saba zama a gefen mai jinya ya riƙe masa hannu, ranar sai ya sunkuya a taga, ruwan indararo na zuba a bayansa, yana maimaita kalmar shahada a hankali. Muka ji ka karɓa sau ɗaya, a rarrabe, amma ta cika. Ya ci gaba da faɗa, ba ka sake amsawa ba. Muka jira. Baba Gide ne ya ce, “Ku ɓalle ƙofar.”

Da muka shiga ba a kan gado muka same ka ba. Ashe ka jawo katifarka gindin taga, nan kake kwana duk kwanakin nan. Kana zaune ka jingina da bangon, daidai inda Baba yake zaune ta waje, kaurin bulo ɗaya ne tsakaninku. Ruwan rafin bai sauka ba sai bayan la'asar, yaron ya iso da motar a daidai lokacin da ake fito da kai.

Ban taɓa ganin jana'iza irin taka a Ruwan Godiya ba, ga ciwo ga laka. Makara ba ta yi taku uku a kafaɗa ɗaya ba. Ɗan tsohuwar nan da ka ƙi karɓar hannunsa shi ya shiga kabari ya karɓe ka. Da aka dawo aka fara tambayar inda za a zauna da wanda za a yi wa gaisuwa, tunda ba ka da kowa a nan. Baba Gide ya ce a buɗe zaurensa, ya zauna a kan tabarma inda uba ke zama. Mutane suka zo daga Sabuwa da Daudawa da Yankara da Kankara, tsofaffin ɗalibai da iyayensu, zaure ya cika maƙil, ana ta musabaha ana tari. Ina zaune ina kallo, na san abin da za ka ce da kana nan, kuma ban iya hana ko mutum ɗaya ba.

Ni aka ɗora wa kiran Sanatu. Na hau tudun da wayarka, Inna Lauratu ta ce sai ta bi ni, tana tafiya tana hutawa. Na fara kamar yadda muke yi, na ce jikin Malam ya ɗan matsa, a taya mu da addu'a. Ta katse ni ta ce, “Malam, ka faɗa mini gaskiya.” Na faɗa. Ta yi salati, sannan ta yi mini tambaya ɗaya. Ta ce, “Wa ya riƙe kansa?” Inna ta karɓi wayar, suka yi ta kuka su biyu, har waya ta yanke ba a ba ta amsa ba.

Ya Allah, ga baƙonKa Abukari ɗan Wumbei ya zo gare Ka daga ƙasar da ba tasa ba. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Wahalar numfashin da ya sha Ka sa ta zama kaffara. Abin da ya koyar da 'ya'yanmu, da jinyar da ya yi wa dattijo, Ka sa ya tarar da su a mizani. Ka ɗauke mana wannan ciwo, Ka ba waɗanda ke kwance lafiya, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyya, a madadin malamai da ɗalibai da mutanen Ruwan Godiya, ga mahaifiyarsa da 'ya'yansa da dukan danginsa a Ghana. Allah Ya raya abin da ya bari, Ya shirya su. Ina kuma yi wa Baba Gide da Inna Lauratu ta'aziyya, waɗanda har yau ba su bari an taɓa komai a ɗakin ba.

Ke kuma Sanatu, an ce mini ƙaninki yana karanta Hausa, zai karanta miki wannan. Kin yi mini tambaya ban amsa ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Babu wanda ya riƙe kansa. Duk garin muna wurin, a tsaye cikin ruwa, muna jin numfashinsa, ya cika da kalmar shahada a kunnenmu, amma ba hannun kowa a jikinsa. Mun roƙe shi ya ƙi, saboda 'ya'yanmu. Allah Ya ba ki haƙuri, mu ma ki yi haƙuri da mu.